Ban-ruwan Jirgin Baba Ɗanyauri

Ranar da kuka shigo ɗakin tarihi kuka tarar ina juye jarkar ruwa a cikin jirgi, na ji dariyar da kuka yi. Kunnena nauyi ya yi, bai mutu ba. Wani daga baya ya ce, "Tsoho na ban-ruwa, ko albasa ya shuka a ciki?" Shugabanku Nazifi ya harare shi, sannan ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya faɗi abin da ya kawo ku. Ƙungiyar samari na so a fitar da jirgin nan a ɗora shi kan dakali a mararrabar kwalta, a cika cikinsa da siminti don kada a sace, a yi masa fenti, duk mai wucewa Daura ko Kongolam ya san garinmu na da tarihin ruwa. Na fara ba ku amsa, waya ta yi ƙara a aljihun wani, aka kira la'asar, kuka watse ban kai ko rabi ba. To ga sauran. Ku karanta ko kada ku karanta, ni dai na sauke.

Ku fara sanin wannan: a yau jirgin nan shi kaɗai ne zai iya fita ceto a dam ɗinmu. In kun zuba masa siminti, babu wani.

Mu nan ƙasar Daura ba mutanen ruwa ba ne. Ruwan da kakana ya sani shi ne na rijiya da na sama, sai kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini. Da aka datse rafi zamanin soja, ruwa ya kwanta a kan tsohon garinmu da fadamarsa, aka mayar da mu tudu, gonakin rabinmu da danginmu suka koma ƙetare. Muka wayi gari da kogi a bayan gida, ba wanda ya iya iyo a cikinmu sai irin na kare. Daminar farko ruwa ya ci mutanen da har yau ake kiran sunayensu a gidajensu. Mutum zai ga gonarsa can tsallake, ya naɗe wando ya shiga yana cewa ai nan hanyar kasuwa ce a da, ya san ta. Ya manta da tsofaffin rijiyoyi da ke ƙasa baki buɗe.

A wannan hali Baba Ɗanyauri ya zo. Basarke ne, masunci daga can Yauri, inda yaro ke iya tuƙi kafin ya iya ɗaure wando. Kifi ya biyo, ya ga yadda muke mutuwa kamar kaji, ya zauna. Gajere ne, baƙi, bakinsa kullum da goro, magana kuwa sai ka roƙa. Shi ya sassaƙa jirgin nan da katakon maɗaci, ya haɗa da ƙusa, ya cusa auduga a kowace mahaɗa ya bi da kwalta. Bai yi shi don kamun kifi ko fito ba. Ya yi shi da faɗin ciki da nauyin gindi don a iya jawo mutum a ɗora ba tare da ya kife ba. Mu biyu muka ba da kanmu gare shi, ni Isiyaku da abokina Sa'adu, dukanmu magidanta a lokacin, gonakinmu na ƙarƙashin ruwa.

Kun ce tuƙi ai ba wani abu ba ne, sanda ce da ƙarfin dantse. Damina guda cur ban taɓa filafilin tuƙi ba, ƙoƙo kawai na riƙe ina kwarfar ruwa. In na tambaya yaushe zan fara tuƙi, sai Baba ya tofar da goro ya ce, "Ka san inda ruwa ke shigo wa jirginka tukuna." Da na fara tuƙin kuwa, sai jirgi ya yi ta juyi da ni a wuri ɗaya, mata masu wanki a gaɓa na shewa suna cewa Isiya na tuƙa tuwo. Sa'adu ya riga ni iyawa, kuma bai bar ni na manta da hakan ba har ya bar duniya.

Darasin da ya fi zama mini a ciki shi ne ranar da Baba ya faɗa ruwa da gangan. Muna tsakiyar dam sai kawai ya sulale ya fara dukan ruwa yana kiran sunana. Na yi tsalle na nufe shi gaba da gaba, ina jin kaina jarumi. Ina isa ya cafke wuyana da hannu biyu, ya naɗe ni da ƙafafu, muka yi ƙasa. Sai da na sha ruwa na ƙoshi, idona ya fara ganin ja, sannan ya sake ni ya tura ni sama. Ina amai a cikin jirgi ya ce, "Wanda ke nutsewa bai san ka ba, ko ɗanka ne. Hawa zai yi kanka. Ta baya ake zuwa, ko ka miƙa masa gora ya kama ita." Matata ta yi kwana da kwanaki ba ta gaishe shi ba.

Kayan da kuke ɗaukar hotonsu a jikin bango, kowanne da aikinsa. Babban goran nan da kuka buga kamar ganga, a kansa ake kwanciya a yi iyo, yana ɗaukar mutum biyu, ba ya ɗaukar uku. Igiyar rama ce ba ta roba ba, don ta roba na zamewa a jiƙaƙƙen hannu. Wuƙar nan ƙarama a wuya ake rataye ta. Ƙugiya mai baki uku da ke can sama kuwa, na rataye ta inda hannu ba ya kai ne don ba na son a yi wasa da ita. Ba a fita da ita sai an daina sa rai.

Wuƙar ta tuna mini wani Alhaji ɗan kasuwa da ya zo daga wajen Kongolam zai ƙetara ganin awakin da ya saya. An ce ya zauna, ya ce shi tsaye zai yi kada rigarsa ta ɓaci. Babbar riga ce ta shadda mai aiki har ƙasa, ta sha bugu. Kwalekwale ya ɗan karkata, Alhaji ya tafi. Da muka iso rigar ta buɗe a saman ruwa, shi yana ƙasa, ta sha ruwa ta naɗe masa hannuwa. Sa'adu ya riƙe jirgi, ni na zagaya ta baya na sa wuƙa na tsarge ta daga wuya har ƙasa, na jawo shi ta gindin jirgi, don ta gefe ba a ɗora mutum. Muka kifa Alhajin, ya fitar da ruwa da fura da duk abin da ya ci. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara cewa shi ne, "Wane ɗan banza ne ya yaga mini riga?" Baba ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Amma da kaka Alhajin ya aiko mana da buhun gero, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Haka masu zuwa wurinmu suke. Manoma da jakunansu, Fulani masu ƙetarar da shanu suna riƙe da wutsiya, mata 'yan kasuwa da ƙwaryar daddawa a ka. Waɗanda muka ciro da rai sukan kauce mana a hanya, kunya suke ji an gan su suna kuka suna kiran uwa. Waɗanda ba sa manta mu su ne masu gawa. Uwa za ta zauna a bakin fito tun safe, idonta a kan igiyar ƙugiya. Kana jan ƙugiya a ƙasa kana sauraro da tafin hannu: kututture na riƙewa gam, ciyawa na saki a hankali, tufa kuwa na biyowa da wani irin laushi da ba zan iya kwatanta muku ba. In ka ji wannan, kada ka waiwaya gaɓa. Ka fara shimfiɗa zane a cikin jirgi.

Akwai abu ɗaya da Baba yake yi duk shekara wanda bai taɓa gaya mana dalilinsa ba. In bazara ta yi tsanani, ruwa ya ja baya har yara na ƙetarawa da ƙafa ta wajen yashi, sai ya sa a kamo baƙin zakara. Ya yanka a goshin jirgi, jini ya gangara, ya yi 'yan maganganu a ciki-ciki da ba mu ji. Sannan mu loda wa jirgi duwatsu, mu kai shi gurbi mai zurfi wajen tsohuwar tsamiyar da ke tsaye cikin ruwa, mu nutsar da shi gaba ɗaya. Yana can ƙasa har sai hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, sannan mu nutsa mu kwashe duwatsun mu tashe shi. Na taɓa tambaya, "Baba, wai wa ake ba jirgin nan?" Ya ce, "Haka na tarar." Gari duka ya ɗauka mutanen ruwa, wato aljanu, ake kai wa jirgi su hau su ba da izini, mu ma haka muka ɗauka. Naman zakaran dai mu muke ci.

Baba ya rasu da sanyi, a kan tabarmarsa, abin da bai taɓa zaton zai samu ba. Shekarar da ta biyo aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, kuma mun yi murna, ni ma na je taro na yi kabbara har muryata ta dushe. Rumfunan giya da ke bakin dam suka tashi, aikinmu ya ragu, don rabin waɗanda muke cirowa ran kasuwa da ma ba da hankalinsu suke shiga ruwa ba. 'Yan agaji suka zo bakin fito suka ce a raba maza da mata a jirgi. Ranar farko suka zaunar da maza a dama mata a hagu, kwalekwale ya kwanta gefe tun bai bar gaɓa ba. Sa'adu ya ce, "Malamai, ku bar mana wannan, mata gaba maza baya, kowa ya tsira da addininsa da ransa." Aka yi dariya aka bar shi a haka.

Da bazara ta zo Sa'adu ya kamo zakara kamar yadda aka saba. Limaminmu Malam Habu ya kira mu zaurensa. Ba mutum ne mai tsawa ba. Ya ce, "Isiya, Sa'adu, ku masu ceton rai ne, ladanku na wurin Allah. Kada ku ɓata shi da yanka don wanin Allah. Baba ya tafi da abin da ya sani, Allah ya gafarta masa. Ku ku bari." Muka ce mun bari, kuma da zuciya ɗaya muka faɗa. Har gobe ban ce liman ya yi kuskure a kan zakara ba. Muka saki zakara, muka bar duwatsu inda suke.

Ba a jima ba aka kawo mana jirgin roba mai inji daga hukuma, fari tas, yana tsaga ruwa yana ƙara. Sai gari ya ce to jirgin Baba ya huta, a girmama shi. Ku lura da yadda mutumin tudu ke girmama abu. Duk abin da muke so, daga ruwa muke ɓoye shi: hatsi a rumbu, littafi a gafaka, sirdi a rataye a ɗaki. Haka muka yi wa jirgi. Aka jawo shi tudu, aka wanke, aka ɗora kan bulo, magina suka tayar da bango kewaye da shi suka rufa kwano, suka bar 'yar ƙofa daidai shigar mutum. Aka rataye kayan Baba a bango, aka ce ga ɗakin tarihi, 'yan makaranta su riƙa zuwa gani. Ni aka ba tsaro, ina share shi ina goge masa ƙura da busasshen tsumma. Sa'adu ya koma fito da nasa kwalekwalen. Haka aka yi shekaru, kwano na gasa ɗakin rani da bazara.

Shekarar da ba na son tunawa damina ce mai albarka. Gero ya yi, dam ya cika har ya taɓa gindin gawon bakin fito. Ran Lahadi ce, mutanen ƙetare sun dawo daga kasuwar Mai'aduwa, Sa'adu ya ɗebe su bayan la'asar. Ina zaune ƙofar ɗakin tarihi na ga gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru. Na miƙe. Kafin in kai gaɓa iskar ta sauko, ruwa ya tashi fari, kwalekwalen Sa'adu da ke tsakiya ya ɗaga goshi sau ɗaya ya kife.

Injin jirgin roba na Daura wurin gyara. Samari biyu suka tura shi haka nan da filafili, amma jirgin roba ba inji tasa ce a kan ruwa, iska ta juya su ta watso su gaɓa. Ƙananan kwalekwalen masunta kuwa ko taku goma ba za su yi a wannan igiyar ruwa ba. Na yi ihu, "Jirgin Baba! A fito da jirgin Baba!" Muka ruga ɗakin tarihi, sai a lokacin kowa ya tuna ƙofar ba ta fitar da shi. Aka kawo diga da gatari aka fasa bango, ruwan sama na dukanmu, bulo na faɗowa a ƙafafun mutane. Maza suka ɗaga shi a kafaɗa. Na ji wani na cewa, "Kai, ashe ba shi da nauyi!" Na san jirgin da sai mutum goma sun yi nishi kafin ya motsa, amma ban tsaya tunani ba.

Ni da wani masunci Iro muka shiga, na jefa gora da igiya, na kama filafili. Tun a bakin gaɓa na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, ruwa na tsartuwa ta kowace mahaɗar katako, daga goshi har gindi, audugar Baba ta bushe ta zama gari tana fitowa tana yawo. Iro na kwarfa da ƙoƙo, ya jefar da ƙoƙo ya koma kwarfa da hularsa da hannuwa. Yana cewa, "Isiya, ba ya tsayawa! Wallahi ba ya tsayawa!" Na ce ya yi ta yi. Na tuƙa da duk abin da Allah ya ba ni. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, jirgi ya yi nauyi ya daina jin filafili. Mun kai inda nake jin muryoyinsu, ina ganin kawuna jere a jikin kifaffen kwalekwale, sai igiyar ruwa ɗaya ta hau mu, jirgin Baba ya tafi ƙasa a hankali muna tsaye a cikinsa.

Iro ya juya gaɓa da iyo, ban ga laifinsa ba. Ni na kwanta kan gora na ƙarasa. Na tarar da Sa'adu hannu ɗaya a jikin kwalekwale, ɗaya riƙe da wata mata, Ladi mai daddawa, zanenta ya naɗe mata ƙafafu. Ya ce, "Karɓi Ladi, hannunta ya mutu." Na zagaya ta baya na karɓe ta na ɗora a gora. Sai ya leƙa bayana ya ce, "Ina jirgin Baba?" Na ce, "Ya nutse." Ya dube ni, ruwa na shiga bakinsa, ya ce, "Innalillahi. To je ka dawo, ina riƙe da sauran."

Gora mutum biyu yake ɗauka. Na kai Ladi inda ƙafa ke taɓa ƙasa, na juyo. Da na dawo kwalekwalen na nan a kife, ba kowa a jikinsa. Wasu Allah ya sa sun kama rassan tsohuwar tsamiya, da iska ta lafa aka ɗebo su. Sa'adu da waɗanda yake riƙe da su ba su fito ba. Bayan kwana biyu ni na ji laushin rigarsa a igiyar ƙugiyar nan, ni na shimfiɗa zanen. Ban yi kuka a gaɓa ba, don ba a yi. A gida na yi, har matata ta fita ta bar mini ɗakin.

Jirgin Baba ya zauna a ƙasa ba mai maganarsa. Mutane suka ce tsufa ne, katako ya mutu, wasu suka ce mutanen ruwa ne suka karɓi abinsu da aka hana su. Sai da kaka ta yi, ruwa ya ja baya, masunta suka kai ƙara wurin mai gari cewa yana yaga musu taru. Muka nutsa muka ɗaura igiya, aka jawo shi inda ba zurfi, muka kwarfe ruwa da laka don a samu sauƙin ja. Da muka kwarfe sai ya tashi ya zauna a kan ruwa. Na jira in ga ya fara sha, bai sha ba. Na shiga na taka ko'ina, na bi mahaɗa da yatsa, katako ya kumbura ya ciji ɗan'uwansa, ko tsinke ba zai shiga ba. Na tuƙa shi har bakin fito, ƙafata ta bushe a hanya.

Na aika aka kira Malam Habu. Na ce, "Allah gafarta Malam, sa hannu ka ji." Ya naɗe hannun riga ya shafa cikin jirgin ya ce, "Isiya, wa ya toshe shi?" Na ce, "Ba wanda ya toshe shi. Ruwa ya sha ya ƙoshi." Ya daɗe tsaye yana kallon wajen tsohuwar tsamiya inda muke nutsar da shi a da. Sannan ya ce, "Ashe abu biyu Baba yake yi, muka ɗauka ɗaya ne." Ya zauna a kan yashi da fararen kayansa, ban taɓa ganin ya yi haka ba. Zafin bazara na busar da katakon sama ko jirgi na kan ruwa, shi ya sa Baba ke nutsar da shi ya sha kafin lokacin hadari. Zakara daban, nutsarwa daban. Ba wanda ya gaya mana, mu kuma jikokin masu rijiya ne.

Liman ya so a bar shi a ruwa, ni ma haka. Amma gari ya ƙi. Matan da suka rasa mazajensu ba sa son ganinsa a bakin fito, ba mai yarda ya taka shi, masu kula da kayan tarihi kuma suka ce yanzu ma ya fi zama tarihi, a mayar da shi ɗaki kada a ƙara fita da shi. Aka gyaro inji, aka ce ba za a sake ba. Na roƙi abu biyu aka ba ni: ƙofa mai faɗin jirgi, da makulli a hannuna. Jirgin robar nan kun san inda yake yanzu, rana ta fasa shi, awaki ke kwana a ciki bayan asibiti.

Tun daga ranar nake ba shi ruwa. Da safe in zuba har ya rufe katakon ƙasa, in jiƙa buhunan algarara in lulluɓe gefe da gefe, da bazara in ƙara da yamma. In kwarfe tsohon ruwa kada ya yi wari, in bi mahaɗa da auduga da bakin wuƙa. Ba daidai yake da nutsarwa ba, amma yana riƙe shi. Da gwiwata ta ƙi, na fara tarar da jarka cike a ƙofar ɗaki kowace safiya. Mai garuwa ya ce Ladi mai daddawa ce ta sa shi. Ita ba ta taɓa shiga ɗakin ba, ko hanyar ba ta bi.

Nazifi ya ce mini, "Baba, yanzu ai an yi hanya ta zagaya dam, kuma ruwan nan ruɓar da katako zai yi, ga sauro." Ban ce ƙarya ya yi ba. Goshin ya fara laushi, na sani, ni nake taɓa shi kullum. Amma ku je bakin fito ran Lahadi da yamma ku gani ko hanya ta hana mutane shiga ruwa. Zagayen da nisa, talaka da buhu a ka ba zai hau babur ba alhali yana hango gidansa a tsallake. Masu fiton yanzu kuwa ƙannenku ne, ba wanda aka taɓa shaƙe wa wuya a ƙarƙashin ruwa don ya koya. Na ce ko mutum biyu a cikinku su zo in nuna musu kwanciya kan gora kafin in mutu. Kuka ce in an gama aikin dakali.

Jiya mai gari ya aiko cewa ya amince da shawararku, an sayi siminti, bayan Juma'a mota za ta zo in ba da makulli. Zan bayar. Ban taɓa jayayya da mai gari ba, kuma ba ni da ƙarfin tare ƙofa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, na kwana ban ci tuwo ba. In kun zo ɗaukarsa ku zo da yawa, zai fi ƙarfin yadda kuke zato, kuma kada ku kama ta goshi.

Da yamma na bi ta gidan Ladi na yi sallama daga zaure, na ce ta gaya wa mai garuwa ya daina kawo ruwa daga Juma'a. Ta matso bayan labule. Ta ce, "Malam Isiya, to ran Lahadi wa zai fita?" Na tsaya ina juya makulli a aljihu, na ce mata sai da safe.

Yau da na zo jarka na ƙofa kamar kullum. Na zuba, na jiƙa buhuna na lulluɓe. Gabas ta fara haɗa baƙi tun hantsi. Na dafa bango na durƙusa da ƙyar, na leƙa ƙarƙashin jirgin, na shafa ƙasa da tafin hannu daga goshi har gindi. Ko ɗigo ɗaya bai zubo ba.